Yadda Ake Gane Ko Na'urar GPS Gaskiya Take Faɗa

Na'urar GPS za ta iya nuna maka lambobi shida bayan ɗigo, ta rubuta cewa kuskurenta bai wuce mita 3 ba, alhali wurin da take nunawa yana can tsallaken titi. Mai saka tiraka, wato na'urar bin diddigin mota, a tirelolin da ke lodi a Apapa, da yaron safiyo mai riƙe sanda a filayen Ibeju-Lekki, da mai jan jirgin ruwa daga Ikorodu zuwa CMS, dukansu a Legas, wannan matsalar suke haɗuwa da ita. Lambar da ke kan fuskar na'ura zato ne take yi wa kanta. Abin da za ka koya a nan shi ne yadda za ka sa ta binciki taurarin ɗan'adam da take saurara, ta kama wanda ya kauce. Masu jiragen sama suna kiran wannan bincike RAIM, kuma yawancin na'urorin yanzu suna yinsa a ɓoye. Kai dai ka san inda ake leƙawa.

Kayan aiki

Mafi ƙaranci shi ne wayar Android mai manhajar GPSTest, kyauta ce. iPhone ba ta nuna jerin taurari, don haka ba za ta yi wannan aikin ba. Wanda yake son ganin komai, sai ya nemi ƙaramar na'urar GPS ta kamfanin u-blox irin su NEO-M8N ko ZED-F9P, da kebul ɗin USB, da kwamfutar cinya mai Windows, ya sauke manhajar u-center. In za ka saya a kasuwar Computer Village ko ta Alaba, ka haɗa ta da kwamfuta tun a shagon, ka buɗe saƙon MON-VER, ka ga ko abin da ta ce ita ce ya dace da abin da aka buga a jikinta. Jabu sun yi yawa, kuma wasunsu ba sa fitar da saƙonnin da za mu buƙata a mataki na 6.

Sai eriya ta waje, da faifan ƙarfe mai faɗin santimita 10 ko fiye da za a ɗora ta a kai. Murfin gwangwanin madara babba ma ya isa. Ƙaramar eriya mai siffar akwati ba ta aiki sosai sai da ƙarfe a ƙarƙashinta, kuma faifan yana tare siginar da ke tasowa daga ƙasa. Ka tanadi tef na awo, da fawa-banki, da littafi da biro.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi sauran wuyar samu, shi ne wurin da an riga an san lambobinsa: dutsen safiyo na gwamnati, wanda ofishin Babban Safiyo na Jihar Legas ke riƙe da bayanansa. In babu, ka kafa naka: buga ƙusa a siminti a buɗaɗɗen wuri, ka auna shi a ranaku dabam-dabam da lokuta dabam-dabam, ka ɗauki matsakaici. Bai kai na gwamnati ba, amma zai gaya maka ranar da na'urarka ta canza hali.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka fara

Taurarin GPS suna yawo a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa. Kowanne yana aiko da lokacin agogonsa da inda yake, na'ura kuma ta auna tsawon lokacin da saƙon ya yi a hanya ta mai da shi nisa. Saƙon da gudun haske yake tafiya, shi ya sa kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ke zama mita 300 a ƙasa.

Abubuwa huɗu na'ura ba ta sani ba: gabas, arewa, tsayi, da kuskuren agogonta. Saboda haka taurari huɗu suke ba ta wuri. To amma da huɗu cif, lissafi kullum fitowa yake daidai, ko da ɗayansu ya lalace, domin babu wanda zai musa. Ka ɗauke su a matsayin shaidu. Na biyar in ya zo, za a iya gane cewa maganarsu ba ta zo ɗaya ba, sai dai ba a san mai ƙaryar ba. Da na shida ne ake iya nuna shi a fitar da shi. Wannan shi ne tushen aikin gaba ɗaya.

1. Yanke iyakar kuskuren da aikinka zai iya ɗauka

Yi wannan kafin ka kunna komai, ka rubuta. Jirgin sama da ke saukowa da GPS kaɗai ba tare da jagoran tsayi ba, iyakarsa mita 556 ce, kuma dole na'ura ta yi gargaɗi cikin daƙiƙa 10 in an haura. Tiraka a tirela, mita 30 ba za ta cuci kowa ba. Jirgin ruwa a matsattsiyar hanya kusa da ƙafafun gada, mita 10 ma da yawa. Kusurwar fuloti kuwa maganar santimita ake yi, kuma waya ko NEO-M8N ba su da hurumi a wurin.

2. Kunna ta a fili, ka ba ta lokaci

Gwajin farko a buɗaɗɗen wuri ake yinsa: filin Idi, filin ƙwallo, ko saman bene mara tankin ruwa da ƙarfen sabis. Dalili shi ne ka san yadda na'urarka take in tana lafiya, don ka sami abin kwatantawa.

Za ta iya ba ka wuri cikin rabin minti, amma kada ka yi gaggawa. Cikakken jadawalin taurarin GPS minti 12 da rabi yake ɗauka kafin ya gama saukowa, ciki har da bayanin gyaran sararin sama da na lafiyar taurari. Ka bar ta minti 15.

A waya, shiga saitin wuri ka kashe Google Location Accuracy, ka kashe neman Wi-Fi da Bluetooth. In ba haka ba wayar za ta gauraya maka GPS da ƙarfen sabis da Wi-Fi ɗin maƙwabta, ka zauna kana bincikar abin da ba tauraro ba. A u-center, ka zaɓi gudun aika bayanai (baud) na 9600 ga M8N, 38400 ga F9P in ta layin UART ka haɗa, ba ta USB ɗin na'urar kai tsaye ba. Da zarar ka buɗe ƙarin saƙonni, ka ɗaga gudun zuwa 115200, domin 9600 shaƙewa yake yi, layuka su riƙa zuwa a gutsure, mutum ya zaci sigina ce ke yankewa.

3. Ƙirga taurarin da ake amfani da su, ba waɗanda ake gani ba

Nan sababbi suka fi faɗawa. Allo zai nuna taurari 30, mutum ya saki jiki, alhali bakwai kaɗai suka shiga lissafi. A GPSTest akwai lamba biyu da aka raba da alamar /, ta farkon ita ce ta waɗanda ke aiki, kuma a jeri za ka ga harafin U a gaban kowannensu. A rubutun NMEA, wato layukan bayanan da na'ura ke fitarwa, wanda maɓallin F8 ke buɗewa a u-center, layin GSV jerin waɗanda ake gani ne, layin GSA kuma na waɗanda ake amfani da su.

Duba layin GGA ma. Gurbi na shida bayan sunan layin shi ne irin wurin da aka samu: 0 babu, 1 na yau da kullum, 2 mai gyara, 4 RTK tabbatacce, 5 RTK mai lilo (RTK awon santimita ne da ake yi da gyara daga wata tasha a ƙasa), 6 kuma kintace ne kawai, na'ura na ci gaba da lissafi daga gudun da take a baya. Tiraka da ta shiga ƙarƙashin gadar Ojuelegba ko ta Obalende tana iya ci gaba da zana layi a taswira da lamba 6, ba tauraro ko ɗaya a ciki. A layin RMC, harafin A na nufin na'ura ta yarda da wurin, V kuma ta janye hannunta.

Akwai wani lissafi da ake mantawa. In ka haɗa GPS na Amurka da Galileo na Turai, agogonsu ba ɗaya ba ne, don haka yawanci abin da ba a sani ba ya zama biyar. Sai ka buƙaci shida don ganowa, bakwai don fitarwa. Kowane tsari da ka ƙara, GLONASS na Rasha ko BeiDou na Sin, ka ƙara ɗaya. Tsarin da tauraro ɗaya tak ya wakilce shi bai ƙara maka komai ba, shi kansa yake biya wa kuɗin agogo.

4. Dubi yadda suka watsu a sama

Taurari goma da suka taru a gefe ɗaya ba su kai shida da suka kewaye sama ba. Ƙarshen layin GSA yana ɗauke da PDOP da HDOP da VDOP, lambobin da ke nuna yadda kuskuren nisa ke ninkuwa kafin ya zama kuskuren wuri. PDOP ƙasa da 2 ya yi kyau, har zuwa 4 ana aiki, ya haura 6 a dakata.

A Broad Street ko Marina, inda benaye suka tsare gefe biyu, za ka ga taurarin sun jeru bisa tsawon titin. Kuskuren da za a samu a nan na ƙetare titi ne, shi ya sa ɗigon kan tsallaka cikin gini. Wani abin kuma, idan tauraro ɗaya ne kaɗai ke riƙe da wani ɓangare na sama, babu mai iya musa masa. Zai ja wurin zuwa inda ya so, gwajin kuma ya wuce lafiya lau. Don haka ka buɗe hoton sama ka duba da idonka, kada ka tsaya ga lamba.

Sa iyakar tsayi a digiri 10 zuwa 15, wato na'ura ta yi watsi da duk tauraron da ke ƙasa da haka, tunda siginarsu ta fi daɗewa cikin iska kuma ta fi bugun gine-gine. Cikin gari kana iya ɗagawa zuwa 20, amma duk ɗagawa rage taurari take yi, sai ka koma ka sake ƙirgan mataki na 3.

5. Karanta ƙarfin sigina tare da tsayin tauraro

Lambar C/N0 ce, a GSV ita ce ta ƙarshe ga kowane tauraro. Da eriya mai kyau a fili, waɗanda ke sama sosai suna ba da 40 zuwa 50, na gefe su sauko wajen 35. Waya takan gaza haka kaɗan. Ƙasa da 30 abin zargi ne.

Lambar ita kaɗai ba ta isa ba, yadda suka bambanta da juna ne ke ba da labari. Tauraron da ke digiri 60 amma yana ba da 28 alhali na kusa da shi suna 45, an tare shi, abin da kake ji siginarsa ce da ta bugi wani abu ta dawo. Gilasan benayen Victoria Island, kwantenonin da aka jibga a Tin Can, rufin kwano na Agege da Mile 12, da fuskar ruwan lagun, duk suna yin haka. Siginar da ta zagayo ta yi doguwar hanya, sai na'ura ta ga tauraron ya fi nisa.

In duka suka faɗi tare, ba laifin sama ba ne. Fara da kebul da bakin eriya. Ruwan sama kansa ba ya hana siginar GPS wucewa, amma ruwan da ya shiga mahaɗin kebul, da tsatsar da iskar gishirin teku ke kawowa, suna kashe ta. In kebul lafiya, ka cire cajar mota mai arha, da kyamarar gaban mota, da fitilun LED, ɗaya bayan ɗaya. In har yanzu, ka yi zargin na'urar toshe sigina, irin wadda ake cusawa a ramin kunna sigari don makantar da tiraka. A u-center, MON-HW ko MON-RF yana da ma'aunin kutse daga 0 zuwa 255. Ka rubuta abin da yake nunawa a mataki na 2, domin tashinsa daga can ne ke da ma'ana.

6. Buɗe ragowar kowane tauraro

Wannan ne zuciyar binciken. Bayan na'ura ta fitar da wuri, takan koma ta lissafa nisan da ya kamata kowane tauraro ya kasance daga wurin, ta cire daga nisan da ta auna. Abin da ya saura shi ne ragowa. In taurari sun yarda da juna, ragowar kowa ƙarama ce.

Danna F9 a u-center, ka sauka ƙarƙashin NMEA, ka danna dama a kan GRS da GST da GBS ka kunna su. GRS yana jera ragowa da mita, bisa jerin da taurari suka zo a GSA, don haka ka karanta layukan biyu tare. GBS shi ne sakamakon gwajin da na'ura ta yi da kanta: bayan lokaci akwai kuskuren da take tsammani a arewa da gabas da tsayi, sannan lambar tauraron da take zargi, da yawan mitocin da take ganin ya kauce. A u-blox, guraben ƙarshen nan ba kowa a cikinsu muddin babu wanda ya faɗi gwaji. Ganin lamba a wurin na nufin an kama wani.

Yana da kyau ka yi lissafin da hannu ko da sau ɗaya, don ka san abin da ake yi maka. Ga misali na koyo. Taurarin GPS takwas, rara huɗu kenan bayan an cire huɗun dole. Mu ɗauka kuskuren nisa na yau da kullum mita 3 ne. Ragowa ta fito haka: 1.2, -0.8, 2.1, -1.5, 0.6, -2.0, 1.1, -0.7. Ninka kowace da kanta ka tara, za ka sami 14.8. Raba da 9, wato 3 sau 3, ya zama 1.6. Sai ka kwatanta da iyaka. In kana son ƙararrawar banza kada ta wuce sau ɗaya cikin dubu, iyakar ita ce 10.8 ga rara ɗaya, 13.8 ga biyu, 16.3 ga uku, 18.5 ga huɗu, 20.5 ga biyar, 22.5 ga shida. Namu 1.6 ne a gaban 18.5, an wuce.

Yanzu a ce ragowar ta zama 14, -6, -5, 3, -4, -3, 2, -1. Jimla 296, a raba da 9, 32.9. Ta haura 18.5, akwai mai ɓata lissafi. Lura da yadda sauran bakwai ɗin ma suka kumbura. Lissafin na'ura raba kuskuren yake yi a kan kowa, don haka 14 ɗin nan ba ita ce cikakkiyar ɓarnar ba, ta haƙiƙa ta fi haka. Kuma ba kullum mai babbar ragowa ne mai laifi ba, musamman in rara ɗaya ce ko biyu.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a cire tauraro ɗaya, a sake lissafi da saura, a mai da shi, a cire na gaba, har a zagaye. Rukunin da jimlarsa ta faɗo ƙasan iyaka, wanda aka cire daga cikinsa shi ne mai laifin. Ba sai ka yi da hannu ba: ɗauki ɗanyen awo a fayil, ka buɗe shi a RTKLIB, manhaja ce ta kyauta, ka sa alama a akwatin RAIM FDE. In an cire kowa bi da bi jimla ba ta sauko ba, masu laifin sun fi ɗaya. Cikin lungunan Isale Eko ko tsakanin kwantenoni haka abin yakan kasance, kuma gwajin na asali mai laifi ɗaya aka gina shi ya kama. Maganin a nan shi ne ka matsa zuwa inda sama ta buɗe, ka auna can, ka ja tef zuwa wurin da kake so.

Mai waya kaɗai ba zai ga GRS ba sai in wayar na fitar da shi, kuma da yawa ba sa yi. Zai iya ɗaukar ɗanyen awo da GnssLogger na Google ya kai kwamfuta. In wannan ma ya gagara, sai ya dogara da matakai na 3 zuwa 5 da na 8, ya san cewa rabin bincike ya yi.

Game da GST: lambobinsa na arewa da gabas kiyasin warwatsuwar awo ne ta yau da kullum, ba iyakar kuskure ba. Da'irar da Android ke zanawa ma kashi 68 cikin ɗari kawai take alkawari, wato kusan sau ɗaya cikin uku kana wajenta. Ninka lambar sau uku kafin ka kwatanta da iyakar da ka rubuta a mataki na 1.

7. Gwada kowane tsari shi kaɗai

Wani lokaci tsari guda ne ke lalacewa dungurungum. A farkon Afrilun 2014 taurarin GLONASS sun shafe kusan awa 11 suna watsa bayanan wuri marasa kyau, na'urori da dama da ke gauraya su da GPS suka rikice. A Yulin 2019 Galileo ya tsaya kusan mako guda. Saboda haka ka shiga saitin na'ura ka bar GPS kaɗai na minti biyar, ka rubuta wuri, sannan Galileo kaɗai, sannan BeiDou. A fili ya kamata su haɗu cikin 'yan mitoci. Wanda ya ware, ka kashe shi ranar.

Sai SBAS, wato gyaran da wasu taurari na musamman ke watsowa. A Legas na'ura tana iya jin taurarin EGNOS, wato SBAS ɗin Turai, ta ɗauki gyaransu, GGA ya nuna 2, mutum ya ji daɗi. An yi gyaran ne domin sararin Turai. Tauraron Najeriya NigComSat-1R yana ɗauke da kayan watsa irin wannan gyara kuma an yi gwaje-gwaje da shi, amma ga aikin yau da kullum ka kashe SBAS, ko aƙalla ka auna da shi da kuma ba shi a kan wurin da ka sani, ka ga wanne ya fi kusa.

8. Abin da binciken cikin na'ura ba zai gani ba

Gwajin ragowa saɓani yake kamawa. Kuskuren da ya shafi kowa daidai wa daida zai wuce ta gabansa.

Na farko datum, wato tushen da ake gina lambobin wuri a kansa. GPS da WGS84 yake magana, yawancin takardun filayen Legas kuwa bisa datum ɗin Minna aka yi su, a shiyya ta 31 ta UTM, tsarin da ke ba da wuri da mitoci. Tazarar da ke tsakaninsu a nan ta kai wajen mita 100. Mutum ya zuba lambobin takarda a waya kai tsaye, sai ta kai shi fulotin wani, taurari kuma duk lafiyarsu ƙalau. Haka nan rubutun NMEA digiri da minti ne a manne: 0630.0000 na nufin digiri 6 da minti 30, wato 6.5, ba 6.30 ba. Minti ɗaya mita 1,852 ne, wannan ruɗanin kaɗai ya fi kilomita 20. Tsayi ma iri biyu ne a GGA, na bisa teku da tazarar da ke tsakaninsa da na lissafi, kada ka haɗa na na'ura ɗaya da na wata ba ka duba wanne kowacce ke bayarwa ba.

Na biyu siginar bogi. Mai yinta duk taurarin yake ƙirƙirowa daga eriya ɗaya, su zo sun yarda da juna, ragowa ta yi kyau fiye da kullum. Alamunta: ƙarfin sigina ya zama kusan ɗaya ga na sama da na gefe, ko ya yi yawan da bai saba ba, ko a ji tauraron da gini ya tare, ko agogo ya yi tsalle. Kwatanta lokacin RMC da na wata wayar da ke kan layin sadarwa, ka tuna Legas tana gaban UTC, lokacin duniya da RMC ke bayarwa, da awa ɗaya. In tsohuwar na'ura ce ta nuna kwanan wata na kusan shekara 20 baya, wannan ba bogi ba ne, ƙirgan makonni 1,024 ne ya zagayo, kamar yadda ya faru ranar 6 ga Afrilu, 2019. A waya kuma ka leƙa saitin masu ƙirar manhaja (Developer options) ka tabbatar ba a zaɓi manhajar wurin ƙarya ba, domin wannan ta fi siginar bogi yawa nesa ba kusa ba.

Duk waɗannan, abin da ke kama su shi ne wurin nan da ka tanada tun farko. Ɗora eriya a kai kafin aiki da bayan aiki, ka danna F12 ka kalli yadda ɗigon ke yawo na minti goma. Taruwar ɗigo wuri guda ba shaida ba ce, ka duba ko a kan lambobin dutsen ya taru.

9. Kula da bayan magariba

Legas tana wajen digiri 6 da rabi arewa da tsakiyar duniya, yankin da saman iska mai ɗauke da caji yakan hargitse bayan faɗuwar rana. Daga bayan magariba zuwa tsakar dare, musamman a Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba, za ka ga C/N0 na wasu taurari yana hawa da sauka cikin daƙiƙoƙi, wasu su ɓace su dawo. Ya fi tsanani a shekarun da rana ke kan ganiyar zafin aikinta, irin 2024 da 2025. Bambancinsa da na'urar toshewa shi ne ba duka yake kamawa tare ba, ɓangare ɗaya na sama yake bi. Na'ura mai jin zango biyu, L1 da L5 ko L2, tana cire jinkirin da wannan sarari ke jawowa, amma ba ta hana yankewa. Awon da ke buƙatar santimita a yi shi da safe.

10. Ga masu RTK

Kalmar Fixed a kan allo, wato RTK tabbatacce, tana iya zama ƙarya: na'ura ta kulle a kan ƙirgan zangon sigina tsakaninta da tauraro wanda ba daidai ba, ta ba ka santimita ɗaya a rubuce, ƙasa kuma ta kauce da taku guda. Bayan ka auna kusurwa, kifa sandar ko ka rufe eriya har ta saki taurari, ka bar ta ta sake kullewa, ka sake awo. In biyun sun bambanta da fiye da santimita 3 zuwa 5, kada ka ɗauki ko ɗaya. A RTKLIB ma'aunin amincewa da kullewa 3.0 yake zuwa, kada ka rage shi don allo ya yi kore. Duba tsufan gyara, wato daƙiƙoƙin da suka wuce tun gyaran ƙarshe, a ƙarshen GGA, in data ta yanke ya haura 'yan daƙiƙoƙi ka jira. Tazara daga tashar gyara, ko taka ce ko ta dindindin, a wannan yankin gara kada ta wuce kilomita 10 zuwa 20.

Kusurwa mai muhimmanci a koma mata bayan awa biyu ko uku, lokacin da taurari suka canza wuri. Kada ka koma gobe a daidai lokacin da ka je yau. Taurarin GPS suna dawowa wurarensu kowace rana da saurin kusan minti huɗu, don haka katangar da ta karkatar da sigina jiya za ta sake karkatar da ita iri ɗaya, awo biyu su yi daidai, dukansu a karkace.

A littafinka, kowane awo ya tafi da lokaci, da yawan taurarin da suka yi aiki a kowane tsari, da PDOP, da lambar duk wanda GBS ya zarga, da datum, da tsayin sanda, da abin da aka samu a kan dutsen gwaji safe da yamma. Takardar fili kuwa safiyo mai rajistar SURCON, hukumar masu safiyo ta Najeriya, shi kaɗai ke sa mata hannu, kuma in aka yi jayayya a kan iyaka waɗannan bayanan zai fara tambayarka.